Daga Karen Farauta Zuwa Karen Falo

Wanda ya san Suleja tun tana amsa sunan Abuja ya san irin karen da ake gani a bakin gari da gonakin Gwari da ke kewaye da ita: siriri, ja ko ruwan ƙasa, mai dogon baki da gajeren gashi, kunnuwa a tsaye, wutsiya a lanƙwashe. Ba a kashe kuɗi wajen samunsa, galibi ma kyautarsa ake yi yana kwikwiyo. Abincinsa ƙanzo da ragowar tuwo da ƙashin da aka yar, aikinsa kuwa sananne ne: ya bi mafarauci daji, ya kori biri daga gonar masara, ya yi haushi in baƙo ya doso da dare. Ba ya shiga ɗaki, ba kuma mai tambayar yadda ya kwana. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ƙasar nan ce ta zaɓi wannan kare. Shekaru aru-aru zafin bazara da kaska da ƙuma da yunwa suna tankaɗe zuriyarsa, wanda ya kasa jurewa ya mutu bai haihu ba, wanda ya jure ya bar baya. Shi ya sa mai kare a wancan zamani bai buƙaci wani dogon ilimi ba, domin ƙasa da yanayi sun riga sun ɗauke masa rabin wahalar kiwo.

Garin ya sauya fiye da yadda mutanensa suka zata. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin ƙasa, aka karɓi sunan Abuja aka raɗa masa, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Da gwamnati ta tare a sabon birnin a Disambar 1991, sai Suleja ta zama makwancin ma'aikatan da hayar can ta fi ƙarfinsu, rusau ɗin gine-ginen da aka yi a can tsakanin 2003 da 2007 kuma ya ƙara turo jama'a. Gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe, daga Kwamba har Madalla ta gindin Dutsen Zuma. Kare ma bai tsaya a baya ba. Da farko tsoron ɓarayi ne ya kawo manyan karnukan gadi, alsashan da jama'a ke kira karen 'yan sanda da rotwaila da makamantansu, waɗanda har yanzu aiki ake nema a wurinsu. Daga baya wayar hannu ta zo da wani abu dabam, wato karen da ake so don a gan shi, a ɗauke shi hoto, a zauna da shi a falo. Buldog ɗin Faransa shi ne ƙarshen wannan hanya. Ba shi da yawa a Suleja, amma a jikinsa ne aka fi ganin abin da ya faru: an sauya kare, ba a sauya hannun da ke riƙonsa ba. Ƙaiƙayin da ke damunsa da munin halin da ake zarginsa da shi, sau da yawa reshe biyu ne na bishiya ɗaya, mu kuwa muna auna su da mudun karen da.

Asalinsa ma ya isa ya faɗakar. A tsakiyar ƙarni na 19, masu saƙar leshi na birnin Notingham a Ingila, waɗanda injina suka raba da sana'arsu, suka yi ƙaura zuwa arewacin Faransa da ƙananan karnukansu. A Faris aka ci gaba da haɗa su barbara ana zaɓen abin da ido ke so, kunne irin na jemage, kai kamar ƙwarya, baki a dagule, fuska duk a tattare. Ba gudu aka nema ba, ba juriya ba, kyan gani kawai. Kasuwarsa ta yi ta hauhawa har ya zama karen da aka fi yi wa rajista a Birtaniya a 2018, a Amurka kuma a 2022 ya ture karen labrado daga matsayin da ya shekara 31 yana kai. A daidai wannan lokaci likitocin can suka soma kuka. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta fitar a 2021 ya gwada shi da sauran karnuka a kan cututtuka 43 da aka fi gani, ya tarar ya fi su shiga haɗari a guda 20. Ƙuncin ƙofar hanci ya ninka na sauran wajen sau 42, ciwon fata a cikin tattarar jiki kuma wajen sau 11. Wannan a ƙasar sanyi ke nan, inda asibitin dabbobi ke kusa da kowa.

Sai a ɗauko wannan halitta a kawo ta Suleja cikin watan Maris. Kare ba ya gumi irin na mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, iska tana wucewa ta kan harshe da cikin dogon hanci tana kwashe zafi. Shi wannan an gajarta masa ƙashin fuska amma naman da ke ciki bai ragu ba, sai naman ganɗa ya yi tsawo ya tokare hanyar numfashi. Minsharin da masu shi ke yi wa dariya, kokawa ce yake yi da iska. A ranar da zafi ya haura digiri 35, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, karen gida zai tona ƙasa mai sanyi a gindin mangwaro ya kwanta. Wannan kuwa in an kulle shi a keji mai rufin kwano, ko an ɗaure shi da sarƙa a wuya, ko an fita da shi yawo da tsakar rana, zafin jikinsa na iya wuce digiri 41, daga nan kuma sai dai wani ikon Allah. Inuwa da ruwa da fita da sassafe ko bayan magariba, da ɗamarar ƙirji maimakon igiyar wuya, su ne farkon haƙƙinsa.

Amma abin da ya fi kai masu shi bango shi ne susa. Zai yi ta lasar tafin ƙafa har gashin wurin ya rine, ya goga fuska a kafet, ya yi ta kaɗa kai saboda kunne, hammata da ciki su yi ja, wani wari ya riƙa tashi daga tattarar fuska da gindin wutsiya. Nan da nan sai a ce alaji ne, abin da ya fi kusa da borin jini a wurinmu, wato garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba cuta ba a matsayin abokin gaba. Mai yiwuwa haka ne, don wannan iri yana cikin waɗanda suka gaji raunin fata, kuma ciwon kan bayyana tsakanin wata 6 da shekara 3. Sai dai likitan kirki ba ya farawa da wannan suna, da shi yake ƙarewa. A ƙasa irin tamu akwai masu laifi da yawa da suka riga shi layi. Akwai ƙuma, wadda cizo kaɗan ya isa ya hana karen da jikinsa ba ya shiri da yawunta barci. Akwai ƙazwa da ƙananan halittun da ido ba ya gani ke haddasawa, wadda sai an kankari fata an duba a madubin likita. Akwai kaska, da banda ƙaiƙayi tana sa zazzaɓi da ƙarancin jini. Akwai ƙudan nan mai saka ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta shige ƙarƙashin fata ta kumbura kamar maruru, abin da ya fi yawa da damina. Sai an kawar da waɗannan, an kuma magance ƙwayoyin cutar da suka samu mafaka inda susa ta yaga fata, sannan ake maganar alaji. Ko shi ma, abin da ya fi jawo shi ba abinci ba ne, ƙura ce da 'yan halittun da ke rayuwa a katifa da kujera da kafet, masu son laimar damina, da garin furen ciyayi. Abin dariya a nan shi ne falon da aka shigar da shi don gata, nan ne matattararsu.

A nan ne tsohon ilimi ke yin ɓarna. Karen zamanin da in ya yi ƙazwa, baƙin mai ake shafa masa ko kananzir, ko a yi masa wanka da maganin wanke masai, in ya rayu a ce magani ya ci. Fatar da dama a tsage take, waɗannan abubuwa ƙona ta suke yi, karen kuma ya lashe su ya haɗiye guba. Sabon zamani ya ƙara da tasa: a je kemis a sayo dekzametazon ko firednisolon, a ba shi, susa ta tsaya cikin kwana biyu, mai kare ya ce ya gano lagon abin. Maganin yana aiki, ba ƙarya, likitoci ma suna ba da shi na ɗan lokaci da awo. Amma in aka mai da shi abincin kullum yana raunana garkuwar jiki, ya ba ƙazwa damar yaɗuwa, ya sa ƙishirwa da yawan fitsari da yunwa mara kan gado. Farasitamol da ibufurofen da muke sha kamar gyaɗa na iya lalata wa kare hanta da ƙoda. Akwai sababbin magunguna da aka yi don ƙaiƙayin kare, irin su Apoquel da allurar Cytopoint, da ƙwayoyin kashe ƙuma da kaska irin su Bravecto da NexGard, amma duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya san yadda kayan waje suka koma. Na ƙaiƙayin ma danne ciwon kawai suke yi. Alajin ƙura ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwa, da wanka da sabulun da likita ya rubuta, da goge tattarar fuska a busar da ita kullum, da wanke shimfiɗa a shanya a rana.

Zancen abinci gajere ne amma yana son haƙuri. Abubuwan da aka fi kamawa da laifi su ne naman sa, madara, kaza da alkama. Hanyar ganewa guda ce tak: a zaɓi nama ɗaya da bai taɓa ci ba, kamar zomo ko akuya, da abu ɗaya mai sitaci, kamar dankali, a ba shi su kaɗai har mako 8, sannan a dawo da tsohon abincin a ga ko susa za ta dawo. A gidan da yara ke miƙa masa biskit, maigadi ke jefa masa ƙashin tsire, wannan gwaji ya rushe tun ran farko. Ragowar miyarmu kuwa, da albasa da tafarnuwar da ke cikinta, tana lalata jinin kare ko da alaji ko babu.

To ina halin nasa ya shigo? Koke-koken masu shi kusan iri ɗaya ne: yana fitsari a ɗaki, yana tauna takalma, ba ya jin kira, yana kuka in an fita an bar shi, wani lokaci ya yi gurnani ko ya kai cizo in an taɓa shi. A ɗauke su ɗaya-ɗaya a gani. Masu bincike a Jami'ar Notingham, garin da kakanninsa suka fito, sun nuna a 2019 cewa gwargwadon tsananin ƙaiƙayin kare, gwargwadon yawan taune-taunensa da rashin natsuwa da wuyar koyo. Ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya taɓa kwana da ƙuraje a zafin bazara. Karen da ake ɗura wa dekzametazon dole ya yi fitsari a ɗaki, don mafitsararsa ba ta iya riƙe ruwan da maganin ke sa shi sha, kuma an lura irin waɗannan magunguna kan sa kare fargaba da faɗa a kan abinci. Wanda kunnensa ke ruɓa daga ciki zai kai cizo in yaro ya shafa masa kai. Wannan iri kuma ya yi suna wajen ciwon ƙashin baya, har ɗagawa kawai na iya sa shi ihu. Sai a haɗa da tarihinsa. Kwikwiyo yana koyon zama da mutane da sauran dabbobi ne tsakanin mako 3 da wajen mako 12, mai sayarwa kuwa yana sauri ya raba shi da uwarsa tun bai kai mako 8 ba don kuɗi su fito. Wanda aka karɓa riƙo, bayan susa da kuɗin magani sun gajiyar da mai shi na farko, ya zo da tsoron da ba wanda ya ba da labarinsa. Sannan a tuna da rayuwar ma'aikacin Suleja, wanda ke fita da asuba don tsere wa cunkoson hanyar Zuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. An ƙera wannan kare don zama a cinyar mutum, aka bar shi shi kaɗai awa goma sha biyar, sannan ana mamakin ya yaga labule.

Za a ce, kare dai kare ne, kuma tun kaka da kakanni da sanda ake ladabtar da shi. Gaskiya ne sanda tana tsayar da abu nan take. Amma kare yana danganta sakamako ne da abin da ya yi a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, don haka dukan da aka yi masa da dare a kan fitsarin safe ba abin da ya koya masa sai cewa dawowar maigida masifa ce. Mafi haɗari shi ne dukan gurnani. Gurnani gargaɗi ne, in aka hana shi sai ya daina gargaɗin ya wuce kai tsaye ga cizo, a gida mai ƙananan yara kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karen zamanin da in an doke shi yana da dajin da zai shiga ya huce, wannan ba shi da ko'ina sai bayan kujera. Abin da ke aiki ba shi da armashi: lokaci tsayayye na ci da na fita, a kai shi waje bayan barci da bayan cin abinci a saka masa da ɗan abin daɗi da zarar ya yi a inda ake so, a saba masa da kaɗaici daga minti biyar zuwa sama, a ba shi kusurwar da yara ba sa binsa, a kuma yi masa uzurin makonnin farko. Kafin duk wannan, likita ya duba fata da kunne da baya, domin ba a koya wa mai ciwo ladabi.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma bai kamata a kauce masa ba. Musulmin Suleja zai ce me ya kai kare falo tun farko? A mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, amma an yi izinin riƙonsa ne don farauta da kiwo da gona, kuma Risala da ake karantawa a zaurukanmu ta hana ajiye shi a gidajen cikin gari. Masu sharhinta sun ruwaito cewa shi kansa mawallafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Wannan ya buɗe ƙofa ga karen gadi, amma a gaskiya bai buɗe ta ga buldog ɗin Faransa ba, wanda ba ya farauta, ba ya kiwo, ɓarawo kuma in ya gan shi sai dai ya yi dariya. Mai wannan ƙorafi yana da hujja, kuma ni ma ba na ba kowa shawarar ya saya. Sai dai Suleja ta yau gari ne na kowa da kowa, kuma ko a wurin Musulmi tambayar ko a saya dabam take da tambayar yadda za a yi da wanda ya riga ya shigo hannu. A kan ta biyu babu saɓani. Hadisin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar don ta tsare kyanwa ba ci ba sha, kowane ɗalibi ya san su.

Kada kuma a ɗauka ina yi wa zamanin da ado. Karen gida ya jure zafi, amma yawancin 'ya'yansa ba sa kai shekara, kuma shi ne babbar hanyar ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da aka kafa tun 1924, ta daɗe tana yin allurar rigakafinsa, amma mafarauci nawa ne ke kai karensa a yi masa? In akwai alherin da karnukan falo suka kawo, shi ne sun saba wa mutane da katin rigakafi da zuwa wurin likitan dabbobi. Abin takaicin shi ne wannan kulawa ta tafi ga karen da ya fi tsada, ta bar wanda ya fi cuɗanya da yaran unguwa.

Saura masu cewa ai matsalar ta masu kiwon banza ce, in aka samu iri mai kyau shi ke nan. Da ɗan gaskiya a ciki, domin akwai masu buɗaɗɗen hanci da ɗan tsawon baki, kuma iyayen da ba sa susa sun fi haifar 'ya'yan da ba sa yi. Amma aibin yana cikin siffar da ake biya dominta ne. Ƙasar Holan ta gane haka, tun 2019 take aiwatar da ƙa'idar hana haɗa karen da bakinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon kansa ba. A nan kuwa abin da ke jan hankali shi ne kuɗin kwikwiyo, har wanda ya karɓi macen riƙo, tana susa tana minshari, ya fara lissafin nawa zai samu in ta haihu. Ba ya sanin cewa kan 'ya'yan ya fi ƙugun uwar girma, har wani bincike a Birtaniya ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwarsu sai da tiyata. Naƙuda kuwa ba ta duba agogo, kuma daga Suleja zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko asibitocin kuɗi na cikin birni, tafiya ce da ba kowa ke iya yi da ƙarfe biyun dare ba.